AUNA KAIFIN HASKE DA LAUSHINSA

 

A wannan fitowa za mu yi magana a kan haske. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa manomi da maganar haske? Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin ƙungiya. Masu lambu a bakin Kogin Kaduna, daga Kabala da Unguwar Rimi zuwa Malali da Rafin Guza, suna kashe kuɗi wajen kafa rumfar renon iri. Masu kiwon kaji a Kawo da Mando suna sayen ƙwan lantarki da batir da sola. Dattawan ikilisiya kuma suna sayen fitilu domin majami'a da ajin yaƙi da jahilci. Sau da yawa tambaya ɗaya mu ke yi wa mai kanti, watau, "Wanne ya fi haske?" Wannan tambaya ba ta isa ba. Haske yana da ƙarfi, yana kuma da kaifi, su biyun nan kuwa dabam su ke. Wanda bai rarrabe su ba zai iya ƙona irin dashensa, ko ya sa kajinsa saran juna, da kuɗinsa.

ƘARFI DABAM, KAIFI DABAM

Ƙarfin haske shi ne yawan hasken da ya ke sauka a kan abu. Kaifin haske kuwa a inuwa a ke ganinsa. Haske mai kaifi yana yin inuwa baƙa ƙirin, bakinta kamar an yanke da wuƙa. Haske mai laushi yana yin inuwa mai dishi-dishi, ba a gane inda ta ƙare sosai.

Ga misali. Ƙaramar tocila ba ta da ƙarfi, amma haskenta yana da kaifi ƙwarai. Ran da hadari ya rufe sama a watan Agusta, hasken waje ya fi na tocila sau ɗaruruwa, amma yana da laushi, har mutum ya nemi inuwarsa ya rasa.

To, me ya ke kawo kaifi? Girman abin da ya ke ba da hasken ne, yadda a ke ganinsa daga inda hasken ya ke sauka. In abin ya zama ɗan ɗigo a ido, haskensa zai yi kaifi. In ya cika ido, haskensa zai yi laushi. Rana ta fi duniyarmu faɗi fiye da sau 100, amma tana da nisan kilomita wajen miliyan 150, saboda haka a sama ba ta fi ɗan kwabo ba. Shi ya sa hasken rana tsaka ya ke da kaifi. Sa'ad da gajimare ya rufe ta, sararin sama duka ya zama fitila ɗaya mai faɗi, hasken yana zuwa ta kowane gefe.

GEZAR INUWA

Ku dubi kowace inuwa da kyau, za ku ga tana da kashi biyu. A tsakiya akwai inda ya yi duhu sosai. Mu kira shi uwar inuwa. A bakinta akwai wani zirin da ba duhu ba, ba haske ba. Mu kira shi geza, kamar gezar mayafi. Ƙwaron da ya ke tsaye cikin uwar inuwa ba ya ganin fitilar ko kaɗan. Wanda ya ke cikin geza yana ganin wani sashi nata. In fitilar tana da faɗi, gezar za ta yi faɗi.

Wannan sani ba sabo ba ne. Wani masani mai suna Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya zauna a Alƙahira ya yi rubutu a kan gani da haske, ya kuma bayyana waɗannan kashi biyu na inuwa. Abin da mu ke bukata a yau shi ne mu sa rula a kan gezar nan, gama faɗinta shi ne awon laushin haske.

AWO NA FARI: FAƊIN GEZA

Kayan aiki: farar takarda, kwali mai miƙaƙƙen baki, rula ko tef na tela, da fensir. Mutum biyu sun isa.

1. A kashe sauran fitilu, a bar wadda a ke so a auna.
2. A shimfiɗa takarda a ƙasa, daidai ƙarƙashin fitilar. Fitilar ta zama mita 2 daga takardar.
3. Mutum ɗaya ya riƙe kwalin a kwance, santimita 50 bisa takardar, yadda bakin inuwarsa zai faɗi a tsakiyar takardar.
4. Na biyu ya sa alama inda duhu sosai ya ƙare, ya sa wata inda cikakken haske ya soma.
5. A auna tsakanin alamun nan biyu.

Lissafinsa ba wuya. Daga fitila zuwa kwali santimita 150 ne, daga kwali zuwa takarda 50, watau kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka faɗin geza zai zama kashi ɗaya cikin uku na faɗin abin da ya ke ba da hasken. Ga abin da lissafi ya bayar:

Ɗigon LED tsirara, mai faɗin rabin santimita: geza ba ta kai milimita 2 ba.
Harshen fitilar ƙwai, santimita 2: geza ba ta kai santimita 1 ba.
Ƙwan lantarki mai farin kai, santimita 6: geza santimita 2.
Ƙwan LED cikin farar roba mai faɗin santimita 30: geza santimita 10.
Dogon ƙwai mai santimita 120: geza santimita 40 ta tsawonsa, amma ƙasa da santimita 1 ta faɗinsa. Ku juya kwalin ku gani da idonku.
Rana tsaka, sama garau: geza wajen rabin santimita.
Ranar hadari: ba a samun bakin inuwa da za a auna.

Domin aikinmu na gona, bari mu raba shi uku. Geza ƙasa da santimita 1, haske mai kaifi. Daga 1 zuwa 5, matsakaici. Fiye da 5, mai laushi. Wannan rabo namu ne domin sauƙin magana a taron ƙungiya. Abin lura shi ne kowa ya auna da nisa iri ɗaya, in ba haka ba awon wani ba zai yi daidai da na wani ba.

Daga nan za mu koyi abu biyu. In an nisantar da fitila, ƙarfinta yana raguwa, kaifinta kuwa yana ƙaruwa, domin ta ƙanƙance a ido. In kuma an haska fitila a kan farin bango ko farin rufi, bangon ne ya zama fitilar, hasken da ya dawo daga gare shi yana da laushi.

AWO NA BIYU: ZURFIN INUWA

Faɗin geza bai faɗi kome da kome ba. Dole mu san ko inuwar ta yi duhu ƙwarai ko kuwa wani haske yana shiga cikinta ta gefe.

Hunturu ya ishe mu misali. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kawo ƙura daga Hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ran da hazo ya sauka a Kaduna, girman rana bai sāke ba, bakin inuwa yana nan inda ya ke. Amma ƙurar ta watsa hasken ko'ina a sama, sai inuwar ta koɗe.

A kan auna ƙarfin haske da wani awo da a ke kira lux. Ba sabulun wanka mu ke nufi ba. Rana tsaka ba gajimare takan kai lux 100,000. Farin wata a daren sha huɗu bai kai lux 1 ba. Ajin karatu yana son wajen lux 300. Yawancin wayoyin hannu na zamani suna da ɗan idon da ya ke jin haske a goshinsu, akwai kuma manhajar awon lux ta kyauta. Awon waya bai kai na injin gaske daidai ba, amma ya isa a gwada wuri da wuri.

A aje wayar a ƙasa tana duban sama, a rubuta lambar. Sa'an nan a riƙe kwali daga nesa kaɗan, yadda inuwarsa za ta rufe idon wayar, a sāke rubutawa. A raba ta fari da ta biyu. Ran da sama ta ke garau amsar takan kai 5 ko fiye. Cikin hazo mai kauri tana iya sauka zuwa 2 ko ƙasa. Ranar hadari kusan 1 ce. Yadda lambar ta ke hawa, haka kaifi ya ke ƙaruwa. In hasken rana ya fi ƙarfin wayar, a rufe idonta da farar takarda, a yi awo biyun duka ta cikin takardar.

AWO NA UKU: GWADA FITILA BIYU BA TARE DA WAYA BA

Wanda ba shi da irin wannan waya, ga wata dabara da wani Bature mai suna Rumford ya bayyana a shekara ta 1794. Da dare a kafa sanda kusa da farin bango. A kunna fitilu biyun da a ke so a gwada, ɗaya ta dama kaɗan, ɗaya ta hagun kaɗan. Inuwa biyu za su fito a bangon. A yi ta ja da mai ƙarfin baya har duhun inuwa biyun ya zama ɗaya. A auna nisan kowace fitila daga bango, a riɓa kowace lamba da kanta. In fitilar ƙwai tana mita 1, ta sola kuma tana mita 3, to, 3 sau 3 tara ke nan: ta sola ta fi ta ƙarfi sau 9. Dalili kuwa shi ne, in an ninka nisa sau 2, ƙarfin haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In sau 3, kashi ɗaya cikin tara.

Da wannan dabara sakataren ƙungiya zai iya gwada fitila guda kafin a sayo dozin.

RUMFAR RENON IRI

Mun san labarin annabi Yunusa, yadda ya ji daɗin tsiron da ya yi masa inuwa, da yadda rana ta buge shi har ya kusa suma bayan tsiron ya bushe. In babban mutum ya ji haka, ina ga tumatir mai ganye biyu?

Ƙaramin tsiro yana da saiwa kaɗan. Haske mai kaifi yana zafafa ganyen da ya ke sama, ruwa yana fita da sauri fiye da yadda saiwar za ta iya jawowa, alhali ganyen ƙasa yana cikin duhu ba ya aiki. Haske mai laushi yana ratsawa ko'ina, kowane ganye ya sami rabonsa. Amma inuwa in ta yi yawa, ita ma ɓarna ce. Tsiron zai yi tsawo siriri, ya koɗe, gindinsa ya ruɓe saboda laima. Ga yawancin iri, kamar tumatir, tattasai, attarugu, gwaiba, lemo da mangwaro, rabin hasken rana ya isa a farkon reno.

Yadda za a san ko rumfa ta tare rabi: da tsakar rana a auna da waya a fili, nan da nan a auna a cikin rumfa daidai kan tsire-tsiren, a wuri uku ko huɗu. In na ciki ya kai wajen rabin na waje, madalla. In lambobin na ciki sun bambanta da juna ƙwarai, hasken rumfar zane-zane ne, wani tsiro yana ƙuna, na kusa da shi yana duhu.

A nan ne gezar inuwa ta ke da amfani ƙwarai. Saboda girman rana a ido, uwar inuwar kowane abu tana ƙarewa a nisan da ya kai faɗin abin sau 108. Mu ce sau 100 domin sauƙi. Bayan wannan nisa sai geza kaɗai. Ga abin da wannan ya ke nufi:

Zaren ragar inuwa, milimita 2: inuwarsa ta narke tun a santimita 20.
Ciyawa siririya, rabin santimita: tana narkewa a rabin mita.
Karan dawa, santimita 2: sai an ɗaga shi mita 2.
Ganyen giginya ko zana mai kauri: tsawon rumfa ba zai narkar da inuwarsu ba.

Ashe rumfa biyu suna iya tare rabin rana daidai wa daida, amma ɗaya ta ba da haske mai laushi, ɗaya ta ba da mai kaifi. Rumfa mai tsawon mita 1 tana son ciyawa siririya, a baza ta shara-shara. In kara ne kaɗai a ke da shi, a ɗaga rumfar, a kuma jera karan daga arewa zuwa kudu. Da haka sa'ad da rana ta ke tafiya daga gabas zuwa yamma, zanen haske da na inuwa za su riƙa wucewa bisa kowane tsiro bi da bi. In an jera su gabas da yamma, zanen zai daɗe a wuri ɗaya.

A lura kuma da inda rana ta ke bi. Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba rana tsaka tana karkata kudu, har sanda mai mita 1 ta yi inuwar santimita 67 wajen arewa. Saboda haka rumfar rani mai mita 1, in ba a ƙara mata baki ta kudu ba, rana za ta shiga fangalin ta wannan gefe fiye da rabin mita. A tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta rana tana bisa kai sosai. Tsakanin waɗannan watanni tana ɗan karkata arewa.

Ga wani tarko. Irin da aka yafa cikin hazon Janairu ya saba da haske mai laushi. Sa'ad da hazo ya ɗauke, zafin Maris da Afrilu ya shigo, hasken ya koma mai kaifi. Rumfar da ta isa jiya ba ta isa yau ba. A riƙa awo kowane mako biyu, musamman masu renon itatuwa da za a dasa a Yuni da Yuli.

Kafin dashe kuma, a riƙa rage ciyawar rumfa kaɗan kaɗan har mako ɗaya ko biyu, a ƙarshe a kware ta duka. Tsiron da aka ɗauko daga inuwa kai tsaye zuwa fili, ganyensa yakan yi fari ya ƙone. Masu son ƙarin bayani a kan renon itatuwa suna iya neman shawara a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ta ke Afaka, kusa da Mando.

ƊAKIN KAJI

Kaza mai ƙwai, ko ShikaBrown ce ta cibiyar binciken dabbobi da ta ke Shika kusa da Zariya, ko wata iri, tana son haske wajen awa 16 a yini kafin ta yi ƙwai sosai. Tsawon yini a Kaduna yana tsakanin awa 11 da rabi a Disamba da kusan awa 13 a Yuni. Saboda haka a kan ƙara mata awa 3 zuwa 4 da rabi da fitila. Kada a ƙara wa 'yan matan kaji tsawon haske tun ba su isa ƙwai ba, kada kuma a rage wa waɗanda su ke cikin yin ƙwai.

Ƙarfin da ta ke bukata kaɗan ne, lux 10 zuwa 20 a bakin mazubin abinci. Tsohuwar dabarar masu kiwo ita ce, in mutum ya tsuguna daidai tsawon kaza ya iya karanta jarida, hasken ya isa. 'Yan tsaki a makon fari suna son fiye da haka, wajen lux 30 zuwa 40, domin su ga abinci da ruwa.

Kuskuren da a ke yawan yi shi ne a rataye babban ƙwai guda mai kaifi a tsakiyar ɗaki. A ƙarƙashinsa haske ya yi yawa, kaji su yi ta figar gashin juna, da zarar jini ya fito kuwa sai sara ya tsananta, har a yi hasara. A kusurwoyi kuma duhu, can kaji za su riƙa zuba ƙwai a ƙasa, ya ƙazantu ko ya fashe. Inuwa mai kaifi da ta ke motsi, kamar ta fitilar da iska ta ke kaɗawa, tana firgita su su haye juna.

Ga gyara. Ƙananan ƙwayaye da yawa masu farin kai sun fi babba guda. A rataye su wajen mita 2 bisa kaji, tsakanin ɗaya da ɗaya mita 3, watau tsawon sau ɗaya da rabi. A ɗaure su kada su yi lilo. A shafe bango da farar ƙasa. A riƙa goge ƙura daga ƙwayayen kowane mako, balle da hunturu. Akwatin ƙwai kuwa a bar shi da ɗan duhu, gama kaza tana son ɓuya sa'ad da za ta yi ƙwai. Haske mai ɗan ja-ja, wanda a ke rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, ya fi dacewa da masu ƙwai bisa ga fari fat mai 6500K, ba ya kuma tara ƙwari kamarsa.

Da rana kuma, kada a bar hasken rana ya faɗo cikin ɗakin. A gina ɗaki tsawonsa ya bi gabas da yamma, bakin rufi ya fito wajen mita 1, musamman ta kudu.

INDA KAIFI YA KE DA AMFANI

Kada a ɗauka haske mai kaifi mugu ne. Kowanne da aikinsa. Mai ƙyanƙyasa da inji yana bukatar tocila mai kaifi cikin ɗaki mai duhu, ya haska ƙwai a rana ta 7 da ta 18, ya ware waɗanda ba su kama ba kafin su ruɓe. Mai tsince irin masara ko wake, in ya haska tocila daga gefe ƙasa-ƙasa, hujin ƙwari da tsaga za su fito sarai, domin kowane rami yana yin inuwarsa. Hatsi yana son rana sosai ya bushe kafin a kai rumbu.

Amma mai rarraba tumatir bisa ga nuna, ko mai neman fumfuna a gyaɗa da masara, ya zauna a inuwa mai haske, gama a haske mai laushi ne launi ya ke fita daidai. Ga 'yan zumuntar mata kuma: ganyen zogale, kuka da rama, in an shanya su a inuwa mai iska, korensu yana tsayawa, abin gina jiki da ya ke taimakon ido ba ya lalacewa kamar na waɗanda aka shanya a rana.

MAJAMI'A, AJI DA IDONMU

Tun da aka janye tallafin kananzir a shekara ta 2016, gidaje da yawa sun koma ga fitilar caji da ta sola. Abin godiya ne. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ya ke bayarwa, ba hayaƙi, ba wari. Mutum uku 'yan asalin Japan, Akasaki, Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a shekara ta 2014 saboda binciken da ya kawo shi. Sai dai ainihin abin da ya ke haske a cikinsa ɗan ɗigo ne. In ba a rufe shi ba, yana soka ido, inuwar hannu kuma tana rufe abin da yaro ya ke rubutawa.

Maganinsa ba tsada. A sayi mai farin kai. Ko a juya fitilar ta haska farin bango. Ko a kifa mata farar roba, a huda ta domin zafi ya fita. Rufin zai ci wani kashi na hasken, amma abin da ya ragu ya fi daɗin karatu. Wannan dabara ta LED ce kaɗai. Kada a kuskura a rufe fitilar kananzir ko tsohon ƙwai mai zafi da roba, takarda ko ƙyalle, gama gobara ce. A majami'a kada a sa fitila tsirara a bayan mai wa'azi inda jama'a za su yi ta dubanta.

Tsofaffi sun fi shan wahalar haske mai kaifi, musamman masu yanar ido. Wanda ya ga fitilar mota tana dame shi fiye da dā, ko yana ganin zobe kewaye da fitila, ya je a duba shi. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano. Samarinmu masu koyon walda a Panteka su riƙa sa gilashin kariya kullum, gama wutar walda tana ƙona fatar ido ko da an dube ta na ɗan lokaci. Cikin dukan awon da mu ka bayyana, takarda a ke duba. Kada kowa ya dubi rana.

AIKI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Ku kawo fitilu iri uku daga gidajenku, ku auna gezar kowace, sakatare ya rubuta a littafi.
2. Ku je rumfar renon ɗaya daga cikinku da tsakar rana, ku auna waje da ciki. Ku auna faɗin abin da aka yi rufin da shi, ku riɓa sau 100, ku gani ko tsawon rumfar ya kai.
3. Ku shiga ɗakin kaji da dare da jarida a hannu, ku tsuguna a tsakiya da kowace kusurwa.
4. Kafin ma'aji ya fid da kuɗin fitila ko na ragar inuwa, a sayo guda ɗaya tukuna a gwada.

Ku aiko mana da abin da ku ka samu ta hannun fasto ko mai bishara na wurinku, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanku, ya tsare iri da dabbobi, ya kai mu damina lafiya. Amin.